Kwana Uku a Shagon Sai-Gobe

Shekara goma sha huɗu Mai Usur tana zuwa roƙo shagon Sai-Gobe, kuma babu shekarar da fargaba ba ta kama ta ba tun daga ranar da aka ce dogon hutu ya matso. Bana ce karon farko da za ta je masa da takarda a jaka, takardar da ke cewa an gode, ba a bukatar komai. Tun ranar Laraba take ɗauke da ita. Lokaci-lokaci sai ta zaro ta, ta karanta, ta ninke, ta mayar.

Malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ita ta kafa sansanin hutun yaran unguwar, a shekarar da ta gaji da ganin yara suna gararamba a bakin titi tun safe har yamma, iyaye duk sun tafi wurin aiki. Ta roƙi aron ajujuwa huɗu da filin makarantar da ta koyar, ta tattaro duk wanda ke da abin koyarwa: tela, mai zane, wani tsohon mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallo, da wata mata da ba ta san komai ba sai shuka, amma shukar ta sani. Mako uku ake yi, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, a ciyar da yara sau ɗaya. Usur ɗin da take ratayawa a wuya shi ya jawo mata sunan, har manya suka ɗauka, har mijinta.

Ciyar da yaro ɗari da wani abu na mako uku kuwa ba da fatar baki ake yi ba. Kowa a unguwar yana kawo abin da ya samu, amma rabin nauyin mutum ɗaya ne ke ɗauka, wato Sai-Gobe, tsohon nan mai shagon kayan gini da ke kwanar kasuwa. Ba marowaci ba ne, kar a zalunce shi. Sai dai bai taɓa ba da kuɗin a rana ɗaya ba. Ranar farko zai sa ta zauna, ya saurari bayaninta yana auna ƙusoshi a sikeli, ya ce, “To, Malama, na ji. Sai gobe.” Rana ta biyu tambayoyi ne, kamar a gaban alƙali. Yara nawa? Wa ya faɗi? Wa ya yi kuka? Wa ya fi ci? Me ya sa aka bar wane ya yi dambe? Sai ta yi awa biyu tana ba da amsa, masu sayen fenti suna shiga suna fita suna kallonta a zaune da jaka a cinya. Rana ta uku zai sake juya maganar, ya yi ƙorafin kasuwa, ya yi na tsadar siminti, sannan ya jawo aljihun tebur ya miƙo ambulan. Ita da ta yi shekara talatin tana tsawata wa aji, sai ga ta tana “Allah ya saka da alheri, Baba” da hannu biyu. Ta tsani kwana ukun nan, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai mijinta.

Kujeru ne suka fitar da ita. Shekara biyar da suka wuce, wani matashi akawu da ya shigo kwamitin sansanin ya ce maimakon a cinye gudummawar duka, a ware wani abu a sayi kujerun roba sittin, a riƙa ba da haya ga masu biki da taro. An yi masa dariya, an ce yara za a ciyar ko kujeru? Ya nace, Mai Usur ta mara masa baya, don ta hango abin da sauran ba su hango ba. Sittin suka zama ɗari biyu, aka ƙara rumfuna uku, aka sami ɗakin ajiya a bayan makaranta. A taron kwamiti na bana Akawu ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce sansani ya tsaya da ƙafafunsa: hayar shekara ta isa abinci da kayan aiki, har da ragowa. Aka yi tafi. Aka yanke shawarar rubuta wa duk masu ba da gudummawa takardar godiya, a sallame su cikin mutunci. Da aka zo kan ta Sai-Gobe, Mai Usur ba ta bari an gama tambayar wa zai kai ba.

“Ni zan kai,” ta ce.

Ranar Asabar da safe ta fito da zanen da ta fi so. Mijinta, tsohon direban bas wanda ritaya ta mayar mai sharhi a kan komai, yana zaune a baranda yana shan shayi.

“Wannan kwalliya haka, Mai Usur? Sallamar mutum za ki je yi ko karɓar lambar yabo?”

“Duka biyun, Malam.”

“To ki bi a hankali. Kujerun nan sittin na farko dai da kuɗin wa aka saye su?”

“Ai shi ya sa aka rubuta an gode.”

Ya kurɓi shayinsa bai ƙara ba. Ita ma ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji haushinsa har ta kai kwanar kasuwa.

Shagon yana nan yadda ta san shi: bokitai a rataye a bakin ƙofa, tiyo a nannaɗe, warin fenti da na ƙarfe. Babban ɗan tsohon ne yanzu a kan kanta, shi ke karɓar kuɗi da ba da canji. Shi kuwa Sai-Gobe yana can kusurwa kusa da sikelinsa, cikin farar riga mai guga. Tun kafin ta gama sallama ya ɗago.

“Malama ce? Na ce yau ko gobe za a ji takunki. A ba ta wurin zama.”

“Ba zama zan yi ba, Baba. Saƙo na kawo daga kwamiti.”

Ta miƙa masa takardar. Ya juya ta, ya kai ta kusa da fuska, ya miƙa wa ɗansa ya ce ya karanta. Ɗan ya karanta da ƙarfi, da muryar mai sanarwa, duk kalmomin da Akawu ya zaɓo: dogaro da kai, godiya marar iyaka, ba za mu ƙara ɗora muku nauyi ba. Mai Usur tana tsaye, ƙirji a buɗe. Shekara goma sha huɗu tana tanadin abin da za ta ce idan ya yi gardama, ta shirya amsa ga kowace tambaya.

Bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

“Madalla,” ya ce. “Abu ya yi kyau. Allah ya ƙara rufa asiri.”

“Amin, Baba.”

“A gai da mutanen kwamiti.”

Shi ke nan. Ko minti biyar ba ta yi a shagon ba. Ta fito rana tana dukanta, tana jiran daɗin da ta yi wa kanta alkawari, daɗin bai zo ba. Ta ce wa ranta ai haka abu yake, wanda ya daɗe da kaya a ka ko an sauke sai ya ɗan jima yana jin nauyi. A gida mijin ya dube ta ya ce, “Har kin dawo?” Ta ce masa shinkafa ta ƙare, ya tashi ya sayo.

Kwana huɗu bayan haka tana ɗakin ajiya tana ware kujerun da suka tsage, sai ga 'yar autan Sai-Gobe ta yi sallama. Tsohuwar ɗalibarta ce, yanzu ma'aikaciyar jinya, ita ke zaune da uban tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta durƙusa ta gaishe ta kamar tana aji uku, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta zo kan abin da ya kawo ta.

“Malama, ba ƙara na kawo ba. Amma tun ranar Asabar Baba bai ci abincin kirki ba.”

“Subhanallahi. Jikin ne?”

“Ba jiki ba ne. Kin san idonsa ya yi yana, shekara uku ke nan ba ya ganin rubutu. Shagon ma Yaya ne ke riƙe da shi, Baba zama kawai yake yi, a ba shi ƙusa ya auna don kar ya ji an ajiye shi. Abu ɗaya ya rage da yake yanke hukunci a kai da kansa, shi ne na sansaninku.”

Mai Usur ta ajiye kujerar da ke hannunta.

“Tun sati biyu kafin hutu yake sa ni in wanke masa riguna uku in goge,” in ji yarinyar. “Ta ranar farko, ta biyu, ta uku. Labaran da kike ba shi kuwa, su muke ci shekara guda a gida. Wane ya ci kwano uku, wance ta ciji malamin zane. Ya san sunan yaran da bai taɓa gani ba. Riguna biyun da suka rage suna nan a rataye, ya hana a mayar da su akwati.”

“To me ya hana shi zuwa ya ga yaran da kansa, duk shekarun nan?”

“Ya ce mai bayarwa ba ya zuwa ya tsaya a kan abin da ya bayar. Kar yara su riƙa ci suna kallonsa.”

Bayan tafiyarta Mai Usur ta zauna a kan kujera mai ƙafa uku da rabi. Kunya ce ta fara kama ta, sannan tausayi, sannan wani haushi da ta rasa wanda za ta ɗora wa. Mace ce da ba ta iya zama da matsala ba tare da ta yi mata wani abu ba, kuma wannan halin ne ya kai ta ga kuskure na biyu. Kafin la'asar ta gama ƙulla dabara. Za ta koma ta roƙe shi. Bukata ce babu, to sai ta ƙirƙiro.

“Kar ki yi,” in ji mijinta da ta gaya masa. “Na yi shekara talatin ina ɗaukar fasinja. Tsoho yana yafe wa wanda ya taka shi, amma ba ya yafe wa wanda ya miƙe masa a kujera da fuskar tausayi.”

“Kai dai komai sai ka kawo bas a ciki.”

“Ita na sani.”

Washegari ta je. Wannan karon ta zauna tun kafin a ce ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta sassauta murya yadda ta saba. Ta ce an yi gaggawar rubuta takardar nan. Ta ce ashe rufin ɗakin ajiya yana yoyo, ruwa na zuba a kan rumfuna, ana bukatar kwanon rufi kamar bandir biyu, kuma Akawu ya ce babu halin yi bana.

Tsohon ya saurara, hannunsa a cikin buhun ƙusa. Da ta gama sai ya ɗago kai.

“Ɗakin da ke bayan makaranta?”

“Shi, Baba.”

“Wanda aka yi wa sabon rufi shekara biyu da suka wuce? Daga shagon nan aka ɗauki kwanon. Ni na zaɓa da hannuna, mai kauri, na hana a ba ku mai arha. Kafintan da ya buga shi ma ni na turo. Rufin nan zai kai shekara ashirin bai ɗiga ba.”

Garin neman gira ta rasa ido.

“Auta ce ta je wurinki,” ya ce. Ba tambaya ba ce. “Malama, da can roƙo kike zuwa yi, ina jin daɗin zuwanki. Yau sadaka kika kawo mini. Ban kai nan ba tukuna.”

Da ta yi shiru a nan, ta ba da haƙuri ta tashi, da wataƙila abin ya tsaya. Amma maganar ta soke ta, kuma abin da ta danne shekara goma sha huɗu ya taso mata gaba ɗaya.

“Kana jin daɗi, Baba? To ni ban taɓa ji ba. Ko sau ɗaya. Tun ana saura wata guda hutu nake rasa barci. In zo in zauna a nan kwana uku, ɗaliban da na koyar suna shigowa sayen makulli suna ganina kamar mai jiran a sallame ta. Ka san tun ranar farko za ka bayar, ni ma na sani. To me ya sa sai na yi kwana uku? Kujerun nan da kake ji, ba don sansani kaɗai na tsaya musu ba. Don kar in ƙara zama a nan ne.”

Ɗan da ke kan kanta ya sunkuyar da kai, ya shiga goge abin da ba shi da ƙura. Tsohon ya zaro hannunsa daga buhun a hankali. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi.

“Ni na ɗauka hira muke yi,” ya ce.

Ta gyara riƙon jakar da ke cinyarta.

“Wallahi na ɗauka ke ma kina so. Ina ja, kina ja, kamar ciniki. Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?”

“In faɗa ka fasa, yara su rasa abinci?”

“Ashe tsorona kike ji.” Ya jinjina kai, ya sake maimaitawa a hankali, kamar mai auna maganar. “Shekara goma sha huɗu. To ki yafe mini, Malama. Ban sani ba. Don Allah ki yafe mini.”

Wannan kalmar ta sha mafarkin ji daga bakinsa. Da ta zo, sai ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce babu komai, ta ce ita ma ya yafe mata, ta fito tana tuntuɓe da bokitai. A gida mijin ya ga fuskarta, kuma a karon farko tun da ya yi ritaya bai yi sharhi ba.

Aka buɗe sansani ranar Litinin, yara ɗari da arba'in da biyu. Komai ya tafi daidai, har ya so ya yi yawa. Abinci ya zo a kan lokaci, fenti da takardun zane sun wadata, an sayi ƙwallo huɗu sababbi ba tare da an kira taron gaggawa ba. Akawu yana yawo da murmushi kamar ango. Mai Usur tana busa usur, tana raba faɗa, tana ɗaure igiyar takalmi, amma sau da yawa sai ta kama kanta tana adana wani abu a ka: yaron da ya shuka wake ya tone shi bayan awa ɗaya don ya ga ko ya fito, yarinyar da ta zana malamin ɗinki da kunnuwa har kafaɗa. Can sai ta tuna babu wanda take adana wa. Ashe duk shekarun nan da idon mai ba da labari take kallon sansanin, ba ta sani ba.

A mako na biyu wata matashiyar malama ta zo daga unguwar da ke hayin layin dogo. Su ma sun fara nasu sansanin bana, yara talatin a ƙarƙashin rumfar aro, kuma abincinsu ba zai kai ƙarshen mako ba. Ta zo neman shawara. Mai Usur tana jin bayaninta, zuciyarta ta yi fari. Ga bukata ta gaskiya, ba ƙirƙira ba. Ga tsoho da kuɗi a aljihun tebur da riguna a rataye.

“'Yata, akwai wani dattijo a kwanar kasuwa, mai shagon kayan gini. Ki je wurinsa gobe. Zai ba ki, amma ki shirya kwana uku. Ranar farko zai ce ki dawo. Ta biyu zai yi miki tambayoyi har ki gaji. Kar ki ji haushi, kar ki yi sauri. Ki ba shi labarin yaranki ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya yi fitsari a wando. Kin ji ko?”

“Na ji, Mama. Ko kwana bakwai ne zan yi.”

Daren nan Mai Usur ta ci abinci da kyau. Ta gaya wa mijinta ta gyara abin da ta ɓata, ya ce Allah ya sa.

Washegari ƙarfe goma bai cika ba sai ga matashiyar ta shigo filin makaranta da sauri, fuska kamar gonar auduga, tana rungume da jaka.

“Mama, ai ba haka kika ce ba! Wannan bawan Allah ko zama bai bari na yi ba. Ina fara bayani ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya jawo aljihun tebur ya ba ni. Na ce in ba shi labarin yaran, ya ce a'a, kar ya ɓata mini lokaci, ina da aiki a gabana. Har haƙuri ya ba ni wai na sha rana. Ban taɓa ganin mutum mai sauƙi irinsa ba.”

“Bai tambaye ki komai ba?”

“Ko yara nawa ne bai tambaya ba.”

Mai Usur ta yi mata murna yadda ya kamata, ta raka ta bakin ƙofa, ta tsaya a nan bayan ta tafi. Ta koya wa tsohon darasi, ya kuwa ɗauka da kyau, kamar kowane ɗalibin kirki da ya bi ta hannunta. Daga yau babu wanda zai ƙara shan wahala a shagon nan. Za a shiga a karɓa a fita cikin minti biyar, a bar shi a kusurwa da buhun ƙusa.

Ta kira mai koyar da shuka ta ce ta riƙe mata yara zuwa lokacin abinci. Akawu ya biyo ta yana tambayar ko wani abu ya ƙare ne a sayo, ta ce babu abin da ya ƙare. Ta bi titin da ƙafa, ta wuce mai gyaran waya da mai wankin mota, ba takarda a jakarta, ba ƙarya a bakinta, kuma ba ta san da me za ta fara ba.

Da ta shiga shagon, ɗan ya gan ta ya dubi uban, ya rasa abin yi. Tsohon yana cikin wata tsohuwar riga mai tabon fenti a hannu. Ya amsa sallamarta da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo.

“Malama. Lafiya dai? Yarinyar ta zo, na sallame ta.”

“Na sani, Baba. Ba abin da na zo karɓa.”

“To.”

Ta jawo wani bokitin fenti da ba a buɗe ba ta zauna a kai, gwiwoyinta suna ƙara.

“Ɗari da arba'in da biyu ne bana,” ta ce. “Mata sun fi yawa. An fasa taga ɗaya ranar farko, kuma har yau ba a sami wanda ya fasa ba, ko da yake ni na san shi.”

Ya ɗebi ƙusa ya zuba a sikeli, ya rage, ya ƙara, alhali babu mai saye. Ta ci gaba. Ta ba shi labarin waken da aka tone, da na kunnuwan malamin ɗinki. Wani ya shigo sayen igiya, ya gaishe ta da “Malama, ina kwana,” ta amsa ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Tsohon dai shiru, fuskarsa a wajen bango. Har ta fara tunanin ta makara, abin da ta fasa ba ya gyaruwa, gara ta tashi ta bar shi da mutuncinsa.

Ta kai hannu ga jakarta ke nan ya yi gyaran murya.

“In ba damuwa,” ya ce, yana zaɓen kalmomin kamar mai tsoron taka wani abu. “Tambaya ɗaya ce. In ba ki so, ki bar ta.”

“Yi, Baba.”

“Yarinyar nan mai in'ina. Bara kin ce ta rantse sai ta yi karatu a gaban jama'a ranar rufe sansani. Ta yi kuwa?”

Sai da Mai Usur ta yi tunani kafin ta gano wadda yake nufi. Ita ta manta ma ta taɓa gaya masa. Shekara guda cur yana riƙe da tambayar, yana jiran rana ta biyu.

“Ta yi,” ta ce. “Ta tsaya sau uku a layin farko. Babu wanda ya yi dariya. Ta kai har ƙarshe.”

Tsohon ya ajiye ƙusoshin. Ya sa bayan hannu ya goge idonsa, ya juyo da kujerarsa ta fuskance ta.

“Sau uku,” ya ce. “To a wace kalma ta fara tsayawa?”